Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Ƴan Kasuwa su Gyara Tsaron Salula da Kwamfuta Kafin Salla

Kowace shekara, idan Salla ta gabato, kasuwannin ƙasar Nijar sukan sake kama. A Babbar Kasuwar Yamai da Katako, a kasuwar Dole ta Damagaram, a Maraɗi da Tawa da Birnin Konni, masu atamfa da shadda ba su samun sukunin cin abinci, teloli suna kwana bisa keke, masu raguna kuma suna cika Turaku tun kafin Layya ta matso. Akwai ƴan kasuwa da yawa waɗanda cinikin waɗannan kwanaki shi ke riƙe gidajensu har tsawon watanni. Saboda haka mai kanti yakan share wuri, ya ƙirga kaya, ya sake kwaɗon ƙofa, ya ƙara wa mai gadi kuɗin goro. Abin da yakan manta shi ne salular da ke aljihunsa da kwamfutar da ke bisa teburinsa, alhali kuwa sau da yawa kuɗin da ke cikin salula sun fi waɗanda ke cikin akwati.

Yau ana biyan kaya ta Airtel Money da Moov Money, ana aika kuɗi ta Nita da Amana, ana nuna samfurin yadi da takalma ta WhatsApp, ana riƙe lissafin kantin magani da na gidan buga takardu cikin kwamfuta. Wannan ci gaba ne, kuma ya rage wa mutane wahalar tafiya. Amma duk ƙofar da kuɗi ke shiga, ɓarawo ma yana iya shiga ta nan. Wajibi ne ɗan kasuwa ya ware lokaci musamman, mako biyu ko uku kafin kowace Salla da kafin bukukuwan ƙarshen shekara, ya gyara tsaron waɗannan kayan aiki, kamar yadda maigida ke yaɓe soro kafin ruwan farko.

Ɓarawo yana duba kalanda

Masu sata ta intanet sun san ranakun hutu sarai, kuma da gangan suke jiran su. Dalili a fili yake. Ranar hutu biro a rufe yake, bankuna ba su aiki, wanda ya san sirrin na'ura ya tafi ganin iyayensa, maigida kuma hankalinsa yana ga baƙi. Satar da za a gano cikin awa ɗaya ranar aiki tana iya kwana uku ba wanda ya lura.

A watan Fabrairu na 2016 aka sace dalar Amurka miliyan 81 daga ajiyar babban bankin ƙasar Bangaladash. Ɓarayin sun fara aikinsu daren Alhamis, domin Juma'a ranar hutu ce a can. Asabar da Lahadi bankin Amurka da ke riƙe da ajiyar yana hutu. Litinin kuma ta dace da sabuwar shekarar Sin, ranar da bankunan ƙasar Filifin, inda aka tura kuɗin, suke rufe. Kafin masu dukiya su iya tsai da komi, kuɗi sun yi nisa.

Ranar Juma'a 2 ga Yuli 2021, ana shirin hutun bukin ƴancin kan Amurka, aka shiga ta wata manhaja ta kamfanin Kaseya aka kulle kwamfutocin kamfanoni tsakanin 800 da 1,500, galibinsu ƙanana, aka ce sai sun biya fansa. A ƙasar Suwidin, kantunan Coop wajen 800 suka rufe domin na'urorin karɓar kuɗinsu sun tsaya. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara hukumomin tsaron Amurka suka fitar da gargaɗi na musamman kan irin wannan hari na ranakun hutu da ƙarshen mako.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Nuwamba na 2022, kamfanin bincike na Group-IB tare da masanan tsaro na kamfanin Orange sun bayyana wani gungun ɓarayi masu magana da Faransanci, wanda aka sa wa suna OPERA1ER. Daga 2018 zuwa 2022 gungun ya kai hari fiye da 30 ga bankuna da kamfanonin sadarwa, ya kwashe aƙalla dalar Amurka miliyan 11, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka lissafa. Hanyarsu ita ce aika wa ma'aikaci wasiƙar ƙarya mai kama da ta hukuma. Da ya buɗe ta sai su samu shiga, su zauna shiru suna nazarin yadda gidan ke aiki, su jira ƙarshen mako ko ranar hutu su fitar da kuɗi. A 2023 aka kama wani da ake zargin babba ne cikinsu a ƙasar Kodibuwa, da taimakon ƴan sandan duniya na Interpol. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙaramin kanti ma abin nema ne

Sau da yawa mai ƙaramin kanti yakan ce shi ba banki ba ne, wa zai ɓata lokaci a kansa? Wannan tunani shi ne babban abokin ɓarawo. Banki yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana, mai kanti kuwa ba shi da kowa sai kansa da yaronsa. Saƙon yaudara guda ana iya aika shi ga mutum dubu cikin minti ɗaya, kuma in goma suka faɗa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Banki in ya yi asara yana da inda zai dafa. Mai sai da yadi in aka kwashe masa jika ɗari biyar mako ɗaya kafin Salla, jarinsa ne ya tafi, ga bashin dillali, ga iyali suna jiran ɗinki.

Wani lokaci ma ƙaramin ne hanyar kaiwa ga babba. A ƙarshen 2013, tsakiyar cinikin bukukuwan ƙarshen shekara, aka sace bayanan katin banki wajen miliyan 40 daga manyan kantunan Target na Amurka. Ɓarayin sun shiga ne da kalmar sirrin wani ƙaramin kamfani mai yi wa kantunan aikin na'urorin sanyaya wuri. Wanda ke kai wa ma'aikatar gwamnati ko wani babban kamfani kaya ya san cewa sakacinsa yana iya jawo wa abokin hulɗarsa bala'i, shi kuma ya rasa kwangila da mutunci gaba ɗaya.

Dabarun da ake yi wa ƴan kasuwa a nan ba su da yawa, amma suna ci saboda gaggawar Salla. Akwai saƙon ƙarya da ke cewa an zuba wa mutum kuɗi, sai wani ya kira yana roƙo da kuka, ya ce kuskure ya yi, a taimaka a mayar masa. Akwai mai sayen da ke nuna hoton rasi a salularsa, ya ce rezo ne ba shi da kyau, kuɗi suna tafe, ya ɗauki kaya ya wuce. Akwai mai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a rufe asusu in ba a faɗi lambar sirri yanzu ba. Akwai saƙon da ke yawo da sunan kyautar Salla, wanda ke neman a latsa wani adireshi a rubuta suna da lamba. Akwai kuma mai neman a karanta masa lamba shida da ta shigo, wadda ita ce mabuɗin WhatsApp. Da ya same ta sai ya zama shi ne mai kanti a idon duk abokan ciniki, ya riƙa karɓar kafin alƙalami da sunansa. Dukkansu da tsoro da tausayi da kwaɗayi suke aiki, kuma dukkansu suna cewa a yi sauri.

Gyaran da ya kamata a yi

Na farko shi ne ƙirga. Mai sana'a ya zauna ya rubuta duk salula da kwamfuta da layin waya da asusun da sana'arsa ke amfani da su, da sunan duk wanda ya san lambar sirrin kowane. Da yawa za su tarar cewa yaron da ya bar aiki bara har yanzu ya san lambar, ko kuwa layin da kuɗin kanti ke shiga da sunan wani ɗan'uwa aka yi masa rajista. Layin da ba da sunan mai shi yake ba, ranar da ya ɓace ba shi da bakin nemansa. A je ofishin kamfani da katin ɗan ƙasa a gyara tun layin mutane bai yi tsawo ba.

Na biyu, a sake lambobin sirri. Shekarar haihuwa, ko lambobi huɗu a jere, ko ƙarshen lambar waya, su ne ɓarawo ke fara gwadawa. Kada lamba ɗaya ta buɗe salula, ta buɗe asusun kuɗi, ta buɗe na banki. Kada a rubuta ta a bayan salula ko a bangon kanti. Shi ma layin waya yana da tasa lambar kullewa, wadda in an sa ta, wanda ya tsinci salula ba zai cire layin ya sa cikin wata ya yi amfani da shi ba.

Na uku, a sa kwaɗo na biyu. WhatsApp yana da tsarin tabbatarwa mai mataki biyu, inda mai shi ke zaɓen wata lamba shida ta kansa. Facebook da akwatin wasiƙun intanet su ma suna da irinsa. Aikin minti biyar ne, kuma yana hana wanda ya sami mabuɗin farko shiga cikin sauƙi.

Na huɗu, a sabunta manhaja. Idan salula ko kwamfuta ta nemi a sabunta ta, sau da yawa wata kafa ce aka gano ake son a toshe. Mutane sukan ƙi saboda kuɗin intanet, amma darasin 2017 ya isa. A watan Mayu na wannan shekara cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe wajen 150, ta tsai da aiki har a asibitocin Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin kafar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa. Ya kamata kuma a sani cewa Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ke kan tsohon tsari, ko kan manhajar da aka kwafa ba bisa ƙa'ida ba, kada a ɗora mata asusun banki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyar, a yi ajiya ta biyu. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin gobara ya san cewa bayan kaya, littafin bashi shi ne asarar da ba ta da madadi. Kwamfutar da aka kulle don neman fansa, ko salular da aka fizge a cunkoson kasuwa, daidai suke da gobara. A kwafi lissafi, da sunayen masu bashi, da lambobin abokan ciniki, a sa cikin ma'ajiya ta daban wadda ba ta kwana a jikin kwamfuta, a kai ta gida. A gwada buɗe ta a tabbata abin yana ciki. Littafin takarda ma kada a raina shi, domin ba ya bukatar kuran kuma ba a shigarsa daga nesa.

Na shida, a kafa doka a kanti, wadda yaro da maigida za su bi daidai. Kaya ba su fita sai an duba asusu da ido an ga kuɗin sun ƙaru. Hoton rasi ba shaida ba ne. Idan dillali na Kano ko Lome ko Dubai ya aiko da saƙo cewa ya sake lambar da za a biya shi, a kira shi ta tsohuwar lambar da aka sani, a ji muryarsa, kafin a tura ko dala. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya neman lambar sirrin kowa. Masu ɗaukar yaran wucin gadi don cinikin Salla su koya musu wannan tun ranar farko, kuma su sake lambobi ranar da aka sallame su.

Na ƙarshe, a shirya wa ranakun hutun kansu. Kada a bar kuɗi masu yawa su kwana cikin salular da ake yawo da ita gidan suna da filin idi. A kashe kwamfutar biro da na'urar intanet kafin a rufe ƙofa. A rubuta lambar sashen kula da abokan ciniki na kamfanin waya da na banki bisa takarda, domin wanda aka sace wa salula ba zai nemi lamba a cikinta ba.

Wanda ake karanta wa saƙo

Akwai wata matsala da ta fi dukkan waɗannan zurfi a ƙasar nan. Yawancin saƙonnin kuɗi da Faransanci suke zuwa. Ɗan kasuwar da ya iya lissafin miliyoyi da ka, amma bai iya karanta saƙon ba, dole ya miƙa salularsa ga yaro, ko maƙwabci, ko mai sai da kati a bakin hanya. Daga karatu sai a koma ga latsawa, daga latsawa sai lambar sirri ta zama ta mutum biyu, sa'an nan ta mutum biyar. Mata masu sana'a a cikin gida sun fi kowa shiga wannan hali, domin sau da yawa salular tana hannun yaron da ake aika. Ba a ce kowane yaro maci amana ne ba, amma shi ma ana iya yaudararsa, kuma da ɗan gari akan ci gari.

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da babban aiki. Wanda ya iya karanta lambobi ya iya duba ragowar kuɗinsa da kansa, ya iya bambanta saƙon da ya fito daga kamfani da wanda ya fito daga lambar wani mutum. In zai taimaki maƙwabcinsa, ya karanta masa saƙo, amma ya kau da kai lokacin da mai salula ke latsa lambarsa. Ya dace cibiyoyin karatun manya su sa wannan darasi cikin tsarinsu, kusa da darasin lissafi da na cika takarda, domin yau shi ma yana cikin abin da ke kare dukiyar talaka.

Masu cewa a koma ga tsabar kuɗi

Wasu dattawan kasuwa suna ganin maganin abin shi ne a bar salula a koma ga kuɗi a hannu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin ba a satar abin da ke ƙarƙashin matashi ta intanet. Amma sun san irin haɗarin da mai ɗauke da jakar kuɗi ke shiga tsakanin kasuwar ƙauye da birni, sun san takardun jabu da ke yawaita lokacin cinikin raguna, sun kuma san cewa mai saye na yau yakan wuce kantin da ba ya karɓar biya ta salula. Da aka fara fasa shaguna ba wanda ya bar kasuwa, kwaɗo aka sake. Wasu kuma suna cewa ba su da lokaci. Duk gyaran da aka lissafa a sama bai wuce aikin yammaci ɗaya ba, kuma mafi yawansa ba ya cin ko sisi. Wanda ya rasa yammaci ɗaya kafin Salla yana iya ɓata mako guda bayanta tsakanin komisariya da ofishin kamfani, ba tare da tabbacin samun komi ba.

Abin da ya rataya ga hukuma da kamfanoni

Nauyin bai tsaya ga ɗan kasuwa kaɗai ba. Nijar tana da dokar hukunta laifuffukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, tana da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, da hukumar kula da sadarwa, ARCEP, kuma ƴan sandan bincike suna da sashen yaƙi da irin wannan sata. Sai dai doka ba ta amfanar wanda bai san da ita ba, ko wanda ke ganin Yamai ta yi masa nisa. Ya kamata mai kanti a Tasawa ko Madawa ko Magarya ya san ƙofar da zai buga, ya kuma tarar da wanda zai saurare shi da harshensa.

Kamfanonin waya da na aika kuɗi suna cin riba mai yawa a lokacin Salla. Daidai ne su mayar da wani abu ta hanyar gargaɗi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a rediyo da cikin saƙon murya, tun mako biyu kafin buki. Daidai ne kuma layin kai kuka ya kasance a buɗe ranar Salla da kashegarinta, domin awannin farko su ne ake iya tsai da kuɗi kafin a fitar da su. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da shugabannin kasuwanni, waɗanda ke tara mutane don maganar haraji da gadi, za su iya tara su don wannan ma. Ma'aikatan gwamnati kuwa su tuna cewa kwamfutar biro da aka bari a kunne, da kalmar sirri manne a jikinta, dukiyar jama'a ce aka bari a buɗe.

Abu na ƙarshe shi ne kunya. Da yawa daga waɗanda aka yaudara sukan yi shiru don kada a ce wawaye ne, shirun nan kuwa shi ke ba ɓarawo damar komawa kanti na gaba da dabara iri ɗaya. Manyan bankuna masu ƙwararru an yaudare su, balle mai kanti da ke amsa wa mutum goma a lokaci guda. Wanda abin ya sama ya kira kamfani nan take a rufe asusu, ya adana saƙon da lambar da ta kira shi, ya kai ƙara, ya kuma faɗa wa maƙwabtansa na kasuwa. Wanda bai sama ba ya zaɓi rana cikin wannan mako, ya zauna da yaransa, su bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, tun kasuwa ba ta cika ba.